Kuɗin tallafi ya shigo hannu: wane abinci za a saya da shi?

Iyayena mata da yayyena na ƙungiyoyin adashi a Garbadu da sauran garuruwan Talata Mafara, Bakura da Maradun, akwai tambayar da ba ta rasa fitowa ranar zubi, musamman idan labari ya bazu cewa an fara biyan kuɗin tallafi. Wata ta ce ta ji an ce duk wadda ta sayi nama da kuɗin za a cire sunanta. Wata ta ce an gaya mata shinkafa da mai kaɗai aka yarda a saya. Har akwai masu ɓoye cefanensu a ƙarƙashin hijabi don kada a gani a kai ƙara. Wannan babi na amsa wannan tambaya ne, kuma ina roƙon sakatariyar kowace ƙungiya ta karanta shi a bayyane, a hankali, yadda wadda ba ta karatun boko ita ma za ta ji.

Amsar ta danganta da irin tallafin da ya zo miki. Abin da duk muke kira "tallafi" ba iri ɗaya ba ne. Wani kuɗi ne, wani kati ne na karɓar kaya, wani kuma abincin ne kansa a buhu. Kowanne da ƙa'idarsa.

Idan kuɗi ne

A 2016 gwamnatin tarayya ta fara shirin ba gidaje masu ƙaramin ƙarfi naira 5,000 a wata, ana haɗa wata biyu a biya 10,000, kuma Zamfara na cikin jihohin da shirin ya shiga. Mafi yawa sunan macen da ke kula da gidan ake rubutawa. Wani ɓangare na kuɗin rance ne daga Bankin Duniya, wani kuma daga dala miliyan 322 ne na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta dawo da su. Bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, a Oktoban shekarar aka ƙaddamar da wani sabo: naira 25,000 a wata har sau uku, jimilla 75,000, da niyyar ya kai ga gidaje miliyan 15. Wannan na biyun ta asusu ake biyan shi, shi ya sa ake neman lambar katin ɗan ƙasa.

To, a duka biyun babu wani jerin abinci da aka ce wannan an yarda, wancan an hana. Babu ma'aikacin da zai bi ki kasuwar Talata ya leƙa kwandonki. Nama, kifi, ƙwai, wake, mai, duk kina iya saye. Sharuɗɗan da aka taɓa haɗawa da ƙarin kuɗi a tsohon shirin sun shafi abubuwa irin su tura yara makaranta da zuwa asibiti, ba kalar abin da ke cikin tukunya ba.

A wasu ƙasashe ba haka abin yake ba. A Amurka gwamnati na sa kuɗin abinci a kati duk wata, amma na'urar shago da kanta take ƙin karɓar wasu kaya. Ana sayen burodi, hatsi, nama, madara, ganye da 'ya'yan itace, har da irin shuka na abin da za a ci. Ba a sayen giya ko taba, ba a sayen sabulu ko magani, ba a sayen dafaffen abinci mai zafi. Can an yi wa mutane jerin. Mu nan an bar mana mu yi wa kanmu, kuma wannan sauƙi ne ta wani gefe, nauyi ne ta wani gefen. Kuɗin da ba shi da jeri kowa na da buƙata a kansa: mai bin bashi, mai biki, maigida, ɗa saurayi mai son katin waya. Idan ba ki yanke abin da za ki saya tun kafin ya shigo ba, wallahi kafin sati ya zagayo ya bi iska.

Idan kati ne na karɓar kaya

Wannan shi ne mai jeri na gaskiya. Hukumar Abinci ta Duniya da ƙungiyoyin da ke aiki da ita sun daɗe suna amfani da shi a Borno, Yobe da Adamawa. Ana ba ki kati mai ƙimar kuɗi a ciki, ki je wurin 'yan kasuwar da aka zaɓa, ki karɓi abin da ke cikin jerin, yawanci hatsi, wake, mai, gishiri da makamantansu. Ba a mayar da shi tsabar kuɗi, kuma ba a karɓar atamfa ko takalmi da shi. Idan irin wannan ya zo garinku, ranar farko ku nemi a karanta muku jerin da farashin kowane kaya, sakatariya ta kwafe a littafi. Ki tsaya a auna a gabanki. Idan ɗan kasuwa ya ce ki bar masa katin zai ba ki kuɗi ƙasa da ƙimarsa, asara ce sau biyu: kin rasa abinci, kuma idan aka gano ana iya rufe katin.

Idan abincin ne kansa

A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan ajiyarta don a raba, daga baya kuma aka aika wa jihohi motocin shinkafa. Irin wannan babu zaɓi a ciki, abin da ya zo shi ne. Abin lura kawai shi ne tsaba ce zalla, ba ta zo da mahaɗinta ba. Gidan da ya samu buhun masara, kuɗin cefanensa na wannan watan sai ya koma kan wake da mai.

Me tukunya ta rasa?

Yanzu mu dawo kan kuɗi, domin nan ne aikin yake. Tambayar da nake so kowace ta yi wa kanta kafin ta fita kasuwa ita ce: me tukunyata ta rasa? Ba me ake yayi ba, ba me maƙwabciya ta sayo ba.

Mu duba yadda muke ci. Safe kunu ko ɗumame, rana fura, dare tuwo da miyar kuka. Gero, gero, dawa. Ciki ya cika, ba a kwana da yunwa ba, alhamdu lillahi. Amma jikin yaro ba da tsaba kaɗai ake gina shi ba, haka ma jinin mai ciki. Shi ya sa za ki ga gida da hatsi a rumbu amma ga yaro ya rame, gashi ya yi ja ya yi laushi, kullum zawo. Tamowa ba a gidan da babu tuwo kaɗai take shiga ba.

Masana abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya sun kasa abinci gida 10, suka ce macen da ke shekarun haihuwa ta samu aƙalla 5 daga ciki a yini. Idan aka juya su zuwa abin da ke kasuwarmu, ga su: tsaba da rogo da dankali gida ɗaya ne, wake da waken suya, gyaɗa da riɗi, nono da madara, nama da kifi, ƙwai, ganye mai duhun kore irin zogale, rama, alayyahu, tafasa, masu jan ciki irin kabewa, karas, mangwaro, gwanda, sauran kayan lambu irin tumatir, albasa, kuɓewa, sai sauran 'ya'yan itace irin lemu, kankana, goba. Ku ƙirga na jiya da yatsu. A ƙungiyoyin da nake zagayawa, idan muka yi wannan lissafi, da yawa a biyu ko uku muke tsayawa. Ku lura, wadda ta bar tuwon dawa ta dafa shinkafa, ta bar shinkafa ta dafa taliya, ba ta ƙara ko yatsa ɗaya ba. Duk gida ɗaya ne.

Wannan ne ya sa nake jin ciwo idan na ga an karɓi tallafi an kwashe rabinsa an sayi shinkafa 'yar gwamnati da taliyar leda. Na san dalili. Yara sun daɗe ba su gani ba, uwa na son ta faranta musu, kuma babu laifi a yi hakan rana ɗaya. Sai dai kuɗin da zai sayi tiyar wannan shinkafa ya fi tiyar dawa nesa, kuma rarar da ke tsakani ita ce kuɗin wakenki. Ga shi kuma muna zaune kusa da madatsar Bakolori, shinkafa 'yar Hausa a ƙofar gida ake noma ta.

Gida biyu, lissafi biyu

Ba zan sa farashi a nan ba, domin littafin nan zai daɗe a hannunku, farashi kuwa ba ya kwana biyu wuri ɗaya. Mu yi da kashi. Ki raba abin da kika karɓa gida goma. Idan 25,000 ne, kowane kashi 2,500 ke nan.

Gidan da rumbu ya ƙare, ko wanda rashin tsaro ya hana shi zuwa gonar nesa, ba shi da zaɓi sai ya fara da tsaba. Shawarata kashi biyar su tafi nan, kuma a sayi wadda ta fi araha a ranar tsakanin dawa, gero da masara, ba wadda baki ya fi sabawa da ita ba. Kashi biyu zuwa wake, waken suya da gyaɗa. Kashi ɗaya mai da gishiri. Kashi ɗaya busasshen kifi da daddawa. Kashi na ƙarshe ya shiga akwatin ƙungiya.

Gidan da har yanzu yake da damma a rumbu, kada ya sayi ko tiya ɗaya ta tsaba. Waɗannan kashi biyar ɗin su koma kan wake da gyaɗa na ajiya, da kaza ko biyu masu yin ƙwai, da ƙarin zubi. Wata za ta ce ai kaza ba abinci aka saya ba. To ai ko a Amurka mai tsananin jeri an yarda a sayi irin shuka, domin abin da zai haifi abinci gobe shi ma abinci ne. Sharaɗi ɗaya: ƙwan ya shiga bakin yaro da mai ciki, ba duka a kai kasuwa ba. Maganar nan da muka tashi da ita cewa yaron da ke cin ƙwai zai yi sata, babu ƙamshin gaskiya a cikinta.

Waken suya ya cancanci a tsaya a kansa. A cikin duk abin da ake aunawa da tiya, babu wanda ya kai shi sinadarin gina jiki, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na nama ba. Mun san shi a awara, mun san shi a daddawa, amma inda ya fi amfani shi ne garin kunun yara da ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown. Ma'auninsa shida, uku, ɗaya: gwangwani 6 na tsaba, ko gero ko dawa ko masara ko a gauraya su, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa. A jiƙa waken suyan, a murje ɓawon, a wanke, a shanya ya bushe sarai, sannan a soya shi sama-sama a kasko babu mai har ƙarnin ya fita. Kada a tsallake wannan suya, ɗanyen waken suya yana wahalar da ciki. A soya gyaɗar da tsabar su ma daban-daban, a haɗa a kai niƙa, a tankaɗe, a rufe a roba mai murfi. A dama shi da kauri, wanda idan an karkata cokali ba zai zube kamar ruwa ba. Kunu mai tsululu cikin yaro yake cikawa da ruwa. Wannan na yaron da ya cika wata shida ne zuwa sama, tare da ci gaba da ba shi mama. Wanda bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai, don haka kuɗin da za a kashe a madarar gwangwani gara a sai wa uwar wake da kifi ta ci.

Mai kuma ba ado ba ne. Cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja a abincin yaro na ƙara masa ƙarfi ba tare da an cika masa ciki ba, kuma sinadarin da ke cikin zogale da kabewa mai kare ido sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukarsa. Tun 2002 doka ta wajabta wa kamfanoni a Najeriya su ƙara wannan sinadari a man girki da sukari da fulawa. Idan za ki sayi na kamfani, ki nemi hoton ido a jikin robar ko ledar, alamarsa ke nan. Gishiri kuma a sayi na leda mai sinadarin aidin, wanda ke hana maƙoƙo, a rufe shi, kada a bar shi a buɗe kusa da murhu.

Ganye ban sa shi a lissafin kuɗi ba da gangan. Zogale, rama, yakuwa, lalo, tafasa, da damina kyauta suke ko kusa da kyauta. A shanya su a inuwa a ajiye don rani. Idan an yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli aka matsa lemun tsami, an samu gida biyu a kwano ɗaya, kuma tsamin na taimaka wa jiki ya sha sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganye da wake. Shayi akasin haka yake yi, don haka mai ciki ta bar tazara tsakanin cin abinci da shan shayi.

Abin dubawa a wurin awo

Araha ba ta da amfani idan kayan sun lalace. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, ta canza launi, ko take warin danshi, tana iya ɗauke da guba mai lalata hanta da tauye girman yara, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ki ɓare, ki duba, ki tsince baƙaƙen ki zubar, kada a ce a bar su a yi ƙuli da su. Wake kuma ki shinshina. Idan yana warin maganin ƙwari, ki bar shi ko da an rage miki kuɗi.

Akwai abu ɗaya da ba a saye kwata-kwata: abincin nan na leda mai kama da tunkuzar gyaɗa da ake ba yara masu tamowa a asibiti. Magani ne, kyauta ake ba da shi, an auna shi daidai nauyin yaro ɗaya. Wadda ta sayar, ko ta raba wa sauran yara, ta rage wa mara lafiya maganinsa. Wadda ta saya a kasuwa, na wani yaron ta saya. Idan an auna damtsen ɗanki tef ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ba maganar cefane ake ba kuma. A kai shi asibiti ranar. Likitocin MSF na kwantar da yara masu tamowa mai tsanani a babban asibitin Talata Mafara.

An taɓa gwadawa a jiharmu

Wasu maza na cewa idan aka ba mace kuɗi a hannu, kayan ɗaki za ta saya. An gwada an gani. Daga 2013 zuwa 2019 an yi wani shiri a Anka da Tsafe a nan Zamfara, da ƙananan hukumomi uku a Jigawa, da kuɗin gwamnatin Birtaniya. Ƙungiyar Save the Children ce ta gudanar da na Zamfara. Ana ba mai ciki naira 3,500 a wata, daga baya aka mayar 4,000, har ɗanta ya kai shekara biyu, ba tare da an ce ga abin da za ta saya ba, amma ana haɗawa da wayar da kai kan ciyar da yara. Masu binciken da suka bi shirin sun samu cewa abinci ne ya fi cin kuɗin, yara sun ci abinci kala-kala fiye da da, kuma tsumburewa ta ragu. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani idan ana gardama a gida.

Maganar gida kuwa, ba na son wata ta je ta tayar da rigima ta ce malamar ƙungiya ce ta sa ta. Tallafi bai ɗauke wa maigida nauyin ciyarwa ba, ƙari ne a kan abin da yake kawowa. Tunda a gidaje da yawa shi ke zuwa kasuwa, ku zauna tun kafin kuɗin ya shigo, a faɗi kayan ɗaya bayan ɗaya, a sa yaro ɗan makaranta ya rubuta a takarda. Kuɗin da aka riga aka raɗa wa suna ya fi wuyar karkatarwa. Haka ma wurin cirewa: lambar sirrin katinki kada ki faɗa wa mai na'urar cire kuɗi, ki danna da kanki ko wanda kika amince da shi, ki ƙirga kafin ki tashi. Shiga rajistar masu tallafi kyauta ne. Duk wanda ya ce ki kawo wani abu ya sa sunanki, ki kawo maganar gaban ƙungiya.

Inda ƙungiya ke shigowa

Tallafi ba ya zuwa lokacin da muka so. Yana iya zuwa da kaka, wake na araha, yana iya zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa farashi ya hau. An ma taɓa dakatar da biyan a Janairun 2024 kafin a ci gaba. Don haka ba abin da za a jingina tukunya da shi ba ne, kuma nan ne akwatinmu mai makulli uku ke da rana. Irin wannan adashi a yankin Maradi aka fara shi a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, wurin mutanen da suka san wahalar tsakiyar damina kamar yadda muka san ta.

Kashin nan ɗaya da na ce a zuba, idan mata goma ko sha biyar suka haɗa nasu, ya isa a sayi wake ko waken suya a buhu da kaka maimakon tiya-tiya da bazara. A wakilta mutum biyu su sayo, a auna a gaban kowa da tiya ɗaya, sakatariya ta rubuta abin da kowace ta zuba da abin da ya zama rabonta. Wannan kuɗi a yi masa shafinsa daban, kada a gauraya shi da na rance ko na asusun taimako.

Wurin ajiya, a tabbatar waken ya bushe har yana ƙara idan an ciza. A zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ko a cika jarka mai tsabta har baki a toshe murfin. Idan iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki mutuwa suke yi, ba sai an sa magani ba. A ɗora a kan katako, nesa da bango saboda ɓera da danshi. Ranar da za a buɗe kuma a tsayar da ita tun ranar da aka ɗaure, a rubuta a littafi, domin buhun da aka buɗe aka ɗiba aka mayar, ƙwari sun samu hanya.